Suturar da Don Telo Ya Ɗinka wa Babur

A garinmu Palmarito babu wanda bai san gyaran babur ba, in dai da baki ne. Ka tsaya a ƙofar kantin Casimiro babur ɗinka yana tari, kafin ka sauke ƙafa mutum bakwai sun gaya maka ciwonsa, kuma babu biyu da bakinsu zai zo ɗaya. To duk cikinmu masu cika bakin nan, Don Eleuterio Bonilla ne ogan. Telo muke ce masa.

Shekara talatin ya yi yana sauko da madara daga gonakin kan tudu a kan ɗan saba'in ɗinsa, irin tsohon ƙaramin babur ɗin nan da ba shi da kuloci a hannu, giya kawai za ka danna da ƙafa ya ɗauke ka. Hannun dama ke riƙe da totur da birki. Hannun hagu kuwa zaman banza yake yi. Da shi Telo ke gaida mutane, da shi yake shan kofi, da shi yake rungumo kaza in ya sayo a hanya. In ana buga domino a kantin Casimiro, sai ya ɗaga hannun ya ce, "Kun ga wannan? Bai taɓa aiki a kan babur ba. Gwani da hannu ɗaya yake tuƙi."

Abin da Telo ya fi so a duniya, bayan jin muryarsa, shi ne shuɗiyar tutar coci. Duk ran sha shida ga Yuli, ranar bikin Uwarmu ta Karmen, wato uwar Yesu, baburan gari kaf sukan taru a dandalin coci, Fada Anselmo ya yayyafa musu ruwan albarka, sannan ayari ya zaga gari. Wanda ke gaba shi ke riƙe da tuta. Shekara ashirin da biyu Telo ne, kuma bai taɓa barin wani ya manta da lissafin ba.

Sai dai bara ɗan saba'in ya ci amanarsa. Hayaƙin da ya yi ranar ya sa mawaƙan coci suka rera rabin waƙa suka yi tarin sauran, tuta ta dawo launin toka. Saboda haka bana Doña Eduviges, shugabar kwamitin biki, tsohuwar da ko Fada yake shakkarta, ta yanke hukunci: ko dai Telo ya zo da babur mara hayaƙi, ko a miƙa wa Casimiro tuta. Shi Casimiro aminin Telo ne, shi ya tsaya wa 'yar Telo ranar baftisma, don haka kompai suke ce wa juna. Wannan bai hana shi kwaɗayin tutar nan shekara ashirin da biyu ba.

"Kada ka damu, kompai," in ji Casimiro, yana jera domino. "Zan bar ka ka bi bayana. Can baya, inda iska za ta kwashe hayaƙin."

"Ranar da za ka riƙe tutar nan, ni za a rufe da ita," in ji Telo.

Ana cikin haka sai 'yarsa Yaneris ta shigo gari da sabon babur. Ita ke gwajin jini a asibitin garin da ke ƙasan tudu, ta gaji da jiran motar haya kullum safe. Ba ta tsaya nan ba, sai da ta je Santiago ta shiga makarantar koyon tuƙi, ta fito da lasin da hular kwano. Babur ɗin ja ne, siriri, mara nauyi, irin na yayin nan da samari da sababbin mahaya ke rububi. Injinsa a waje, ƙarafunansa a waje, babu robobin da ke rufe jiki. Shi ya sa ake ce wa irinsa tsirara.

Telo ya zaga shi sau biyu, hannu a baya.

"An cuce ki, 'yata. Ba su gama haɗa shi ba."

"Haka ake yin su, Papi. Tsirara ake ce musu."

"To ai na gani. Ina za ki rataya tulun madara?"

"Ba madara nake ɗauka ba."

"Kuma wai har makaranta kika je? Ubanki na raye? Me suka sani a Santiago wanda ban manta ba?"

Abin ya yi masa ciwo da gaske, don ya daɗe yana ɗaukan cewa ranar da yarinyar nan za ta hau babur, shi zai riƙe mata baya. Amma da ta tayar da injin ya sunkuya ya leƙa salansa, bai ga hayaƙi ko na sigari ba, sai ciwon ya tafi, dabara ta zo. Kafin la'asar duk Palmarito ta ji cewa Don Telo zai ja ayari a kan sabon babur. Yaneris ce ta ƙarshen ji.

"Zan ba ka," ta ce, bayan uwarta Doña Minga ta sa baki. "Amma sai na nuna maka abu biyu. Biyu kacal, Papi. Ran Asabar."

Ran Asabar ta fito da babur ƙofar gida. Kuskurenta ke nan, don mu mutanen Palmarito ba ma barin darasi ya wuce mu in dai na wani ne. Muka fito da kujeru. Telo ya dubi kujerun, ya dubi 'yarsa, nan take darasi ya juya.

"Na farko," in ji Yaneris, "wannan ƙafar da ake kafe shi da ita..."

"Ƙafa! Jama'a ku ji, za a nuna mini ƙafar babur. Na kafe babur a bakin rami da tulu huɗu kafin a haife ki."

"Papi, wannan ba irin..."

"Wuce na biyu."

"Na biyu, wannan mariƙin na hannun hagu..."

"Birki ne na biyu. Sun sa wa matsorata. Ni ɗaya ya ishe ni."

"Ba birki ba ne!"

"To ado ne. Matso ki ga yadda ake zama."

Ya hau, ya danna maɓalli, injin ya tashi. Ya murɗa totur sau uku, kajin maƙwabta suka watse, mu kuwa muka tafa. Ya kashe ya sauko yana kaɗe hannu.

"Ba za ka zaga ba, kompai?" in ji Casimiro.

"In zaga yau, me za ku kalla ranar biki?"

Yaneris ta shige gida tana magana ita kaɗai.

Washegari da hantsi, mata sun tafi coci, Telo ya ce cikinsa na murɗa. Suna fita ya tura babur bayan gida, gindin mangwaro, ya kafe shi ya hau. Injin ya tashi lafiya. Ya danna giya da ƙafa kamar yadda ya saba, babur ya ce ƙat, ya mutu. Ya sake, ya mutu. Ya sake da addu'a, ya mutu. Ya sake da zagi, ya mutu. Abin da bai sani ba, wanda kuma shi ne abu na farko cikin biyun nan, irin waɗannan baburan ba sa yarda su shiga giya in ƙafar kafewa na ƙasa. An yi haka don kada sabon mahayi ya manta da ita ya sha ƙasa a kwana. Shi ɗan saba'in bai damu ba, ko da ƙafa ko ba ƙafa tafiya yake, kuma Telo kan tashi ne tukuna sannan ya shure ta da dunduniya.

Ya zauna a kan babur yana gumi. Gaskiya tsoro ya kama shi. Da rana suna cin dakakkiyar ayaba da soyayyen cuku, ya dubi Yaneris, ya buɗe baki, tambayar na kan harshensa.

"'Yata..."

"Na'am, Papi?"

"Miƙo mini gishiri."

Zuwa yamma ya riga ya warware wa kansa matsalar. Babur sabo ne, inuwar mangwaro ta yi masa sanyi. Ranar biki a rana zai tsaya, kuma ga ruwan albarka.

Bai gama da wannan ba wata ta taso. Magana in ta fita daga kantin Casimiro ba ta isa coci da kayanta cikakku. Abin da ya fita shi ne Telo zai ja ayari a kan tsirara. Abin da ya isa kunnen Doña Eduviges shi ne Telo zai ja ayari tsirara. Ran Litinin ta dira a ƙofar gidansa da lema a hannu, ba ko sallama.

"Eleuterio! Da furfurarka?"

"Me na yi, Doña?"

"A gaban Uwarmu? A gaban yaran makaranta? Minga, kina raye mijinki zai fita haka?"

"Haka yaya?" in ji Doña Minga daga kicin.

"Tsirara!"

"Wa zai kalla?" in ji Doña Minga.

Da ƙyar Telo ya ja tsohuwar zuwa inda babur yake, ya rantse mata cewa sunan na babur ne, shi da wandonsa zai zo, farin wandon nan da ta sani. Doña Eduviges ta gyara tabarau ta ƙare wa injin kallo, da bututunsa da wayoyinsa duk a fili, ta yi alamar gicciye.

"To ai shi ma bai dace ba. Komai nasa a waje. Ni dai ina raye, babu abin da ake kira tsirara da zai wuce gaban Uwarmu. Ko a suturta shi, ko Casimiro."

Da wani ne sai ya ce mata sunan kawai ne. Telo kuwa ya buga ƙirji. "Doña, ran Laraba za ki ga babur mafi kamala a ƙasar nan. Ko ke sai kin yi sha'awar ɗinkin."

Ran Laraba ce ranar biki. Yaneris na da aikin safe a asibiti, ta bar masa mabuɗi ta bi motar haya, ta ce za ta dawo kafin ƙarfe goma, kada ya taɓa komai sai ta zo. Doña Minga ta tafi coci tun da wuri wajen jera furanni. Gida ya zama na Telo. Ya tsaya a falo yana neman yadi, idonsa ya faɗa kan labulen taga, fallaye biyu masu ruwan zuma da geza, waɗanda ƙanwar matarsa ta aiko daga New York. Labulen da ko ƙuda Doña Minga ba ta bari ya sauka a kai.

Falle ɗaya ya yafa wa tanki ya rufe injin. Ɗayan ya zagaya da shi ta baya kamar siket, har geza na share ƙasa. Ya kama da fil-fil, ya ɗaure da igiyar labulen. Sai dai tankin santsi gare shi, ɗinki sai zamewa yake. Telo ya yi tunani irin nasa, ya ce in ya hau zai zura igiyar ta cikin madaukan bel na wandonsa ya ƙulle, shi ke nan shi da babur sun zama abu ɗaya.

Da yake gangara ce daga gidansa zuwa coci, bai tayar da injin ba. Ya hau ya sulala, labule na kaɗawa, karnuka na binsa.

"Don Telo, amarya ka ɗauko?"

"Ina ango?"

"Ya aka yi ba ka kunna ba?"

"Girmamawa ce," in ji Telo. "Ba a shiga dandalin coci da hayaniya."

A dandali babura sun fi ɗari. Ga masu kiɗa da akodiyon da ganga, ga masu soye-soye, ga yaran makaranta cikin fararen kaya. Telo ya tsaya a gaban kowa, ya sauke ƙafar kafewa a ƙarƙashin siket, ya zura igiya a wando ya yi ƙulli uku. Doña Eduviges ta zagaya babur ta gyaɗa kai. Doña Minga ta fito daga coci da kwandon furanni, ta ga labulenta, ta tsaya cak. Ba ta ce komai ba. Telo ya san wannan shirun, shekara talatin da ɗaya yana aure da shi.

Ƙarfe goma ta yi, motar Yaneris ba ta iso ba. Fada Anselmo ya yi addu'a, ya bi layi yana yayyafa ruwa. Da ya zo kan Telo ya ɗan tsaya, kamar mai tunanin ko baftisma aka kawo, sannan ya yayyafa ya wuce.

"A tayar!" in ji Doña Eduviges.

Babura ɗari suka ɗauki ruri. Telo ya danna maɓalli, ya murɗa totur, ya dubi Casimiro ta gefen ido, ya danna giya. Ƙat.

"Yana gaisuwa ne," ya ce. Ya sake. Ƙat.

Ya sake. Ƙat.

Ɗaya bayan ɗaya babura suka yi shiru, kiɗa ya tsaya. Mu kuwa gwanaye muka yi ca a kansa, kowa da ilminsa.

"Fulogi ne."

"Wane fulogi? Mai ne bai sauka ba."

"Batir ne, ku ji yadda yake kuka."

"Zafi yake ji, kun lulluɓe shi kamar mai zazzaɓi."

"Ruwan albarkan ne ya shiga kabureta."

"Ruwana bai taɓa kashe babur ba," in ji Fada Anselmo.

Wani ya ce a tura, mutum huɗu suka kama, wani abu ya karce siminti a ƙarƙashin siket, suka saki. Babu wanda ya leƙa. Wa zai ɗaga wa babur siket Doña Eduviges na tsaye?

Casimiro ya matso da nasa babur sannu-sannu har tayarsa ta gaba ta yi daidai da ta Telo. "Kompai, ko in riƙe maka tutar kafin amarya ta gama jin kunya?"

"Matsa, kana tare mata iska."

"Minti biyu, Eleuterio," in ji Doña Eduviges, tana duban agogon coci. "In bai tashi ba, Casimiro."

Gumi ya jiƙa wa Telo riga. Ya ji shekara ashirin da biyu na zamewa daga hannunsa a gaban duk wanda ya taɓa yi wa burga, kuma duk garin ke nan. Daidai nan Yaneris ta kutso cikin taro da kayan aikinta, hular kwano a hannu. Ta dubi babur, ta dubi ubanta, ta dubi uwarta.

"Labulen Mami ne wannan?"

"Ba lokacin wannan ba ne, 'yata. Babur ɗinki ba shi da lafiya. Na gaya miki ba su gama haɗa shi ba."

Yaneris ta sunkuya ta yaye siket ɗin har sama. Doña Eduviges ta ce "Yesu!" ta rufe ido da mafici. Yaneris ta shure ƙafar kafewa da takalminta, ta miƙe.

"Abu na farko ke nan."

Nan take kowannenmu ya juya ya gaya wa na kusa da shi cewa dama abin da yake shirin faɗa ke nan.

Ta kama hannun ubanta na hagu ta ɗora a kan mariƙin, ta matse masa yatsu. "Na biyu. Wannan kuloci ne. Riƙe gam. Tayar. Sa giya."

Ya sa. Babur bai mutu ba. Fuskar Telo ta washe kamar an kunna fitila.

"Kada ka saki, Papi, ka ji? Sai na ce, kuma a hankali. Bari in cire tsumman nan tukuna kafin sarƙa ta kama shi."

"Tsumma?" in ji Doña Minga. Kalmarta ta farko ke nan.

Yaneris ta durƙusa a baya tana fama da fil-fil. Telo kuwa rai ya dawo. Ya murɗa totur, babur ya yi ƙara, ya ƙara murɗawa don Casimiro ya ji da kyau. Masu kiɗa suka ɗauka. Doña Eduviges ta ga minti biyu sun cika kuma injin na ruri, sai ta yi abin da take yi duk shekara: ta tako ta gefen hagu ta miƙo sandar tuta.

Hannun nan na hagu shekara talatin ba shi da aiki sai karɓa. Bai tambayi Telo ba. Ya saki kuloci ya cafke tuta.

Waɗanda suka gani sun kasu biyu har yau, wasu sun ce tayar gaba ta tashi kamu uku, wasu sun ce ta kai ƙirjin mutum. Abin da aka yarda da shi, babur ya zabura ya bar Yaneris durƙushe da fil ɗaya a hannu. Yaran makaranta suka dare biyu. Mai akodiyon ya haye benci bai daina kiɗa ba. Telo ya wuce ta tsakiya, ƙafafu a sama, tuta a sama, yana ihun "Ku kauce!" ga mutanen da suka riga suka kauce. Tsoro ya sa ya ƙanƙame hannun dama, hannun dama kuwa totur ne.

Bai kai ƙarshen dandali ba sarƙa ta kama geza. Ta haɗiye geza, ta haɗiye siket, ta jawo igiya, igiya ta jawo ƙulli uku. Farin wandon nan ya ga biki ashirin da biyu, ɗinkinsa ya gaji. Aka ji ɓaaar. Tayar baya ta cije, babur ya tsaya cak ya kwanta a gefe, Telo kuwa ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, ta sama, har ya sauka a kan tulin ɓawon kwakwa na mai sayar da ruwan kwakwa.

Sai ga sandar tuta ta ɗago daga cikin ɓawo, a miƙe, ko ƙura ba ta taɓa ba. Bayanta Telo ya miƙe, riga a soke babu abin da aka soke ta a ciki, takalma sau ciki suna ƙyalli, safa har gwiwa. Tsakanin safa da riga babu komai sai ɗan gajeren wando mai hoton abarba.

"Tsirara!" Doña Eduviges ta ƙwala. "Ai na faɗa! Tun ran Litinin na faɗa!"

Dariyar da aka yi ranar, har tantabarun coci sai da suka tashi. Fada Anselmo ya juya baya yana duban bango, kafaɗunsa na rawa. Casimiro ya sauka daga babur ya zauna a ƙasa. Telo ya tsaya riƙe da tuta, ya rasa abin da zai rufe, tunda tutar coci ce ba a rufe abarba da ita.

Doña Minga ce ta tako a hankali. Ta cire fallen da ya tsira daga kan tanki, ta kaɗe shi, ta zagaya ƙugun mijinta da shi ta ɗaure tamau, har sai da ya yi nishi.

"Ba don kai ba," ta ce. "Don yaran makaranta. Maganar labule kuma sai mun je gida."

Yaneris ta ɗaga babur ita kaɗai, ta ari wuƙar mai kwakwa ta yanke labule da wando daga sarƙa. A jikin jan tankin nan, wanda ko sati biyu bai yi ba, ga karce dogo kamar ɗan yatsa. Ta shafa shi da babban yatsa. Wannan ya fi wa Telo dariyar ciwo. Ya tako da labulensa, ya yi ƙasa da murya.

"'Yata, ban iya ba."

"Na sani, Papi."

"Tun ran Lahadi na sani."

"Na sani. Maƙwabta sun ji ka kana zaginsa a gindin mangwaro."

Casimiro ya share hawaye ya miƙo hannu. "To kompai, kawo. An yi abin da aka yi."

"Tutar dai ba ta taɓa ƙasa ba," in ji Fada Anselmo, ba tare da ya kalli kowa ba.

"Amma da me zai ja ayari, Fada? Da labule?"

Yaneris ta sa hular kwano, ta hau, ta shure ƙafar kafewa, ta tayar. Ta dubi Doña Eduviges. "Doña, kin ce babur mara hayaƙi. Ga shi. Kin ce a suturta. Zaɓi ɗaya, ko shi ko Papi, labule ɗaya ya rage."

Tsohuwar ta dubi injin, ta dubi ƙafafun Telo. "A bar wa uban," ta ce.

"Hau, Papi. Riƙe ni da dama. Hagun ai ba shi da aiki."

Kujerar baya ta irin waɗannan baburan ba ta fi tafin hannu ba, kuma mai ɗaure da labule ba ya iya buɗe ƙafa. A karkace ya zauna, kamar yadda kakanninmu mata ke zama a kan jaki. Yaneris ta saki kuloci a hankali, babur ya tafi sumul, ayari ya biyo baya da kiɗa. Haka Don Eleuterio Bonilla ya zaga Palmarito karo na ashirin da uku, hannu ɗaya ƙanƙame da 'yarsa, ɗaya riƙe da tuta, geza na kaɗawa a ƙaurinsa. Duk kwanar da suka sha sai ya ce, "Yauwa, haka na koya miki."

Tun ranar babu mai ce wa babur ɗin tsirara, sunan ya koma kan wanda ya fi dacewa. Don Tsirara muke ce masa, yana kuma amsawa. In Casimiro ya tuna masa cewa Yaneris ce a gaba ba shi ba, sai Telo ya ce a tambayi kowa, ya karkata sandar gaba, tutar ta riga hancin babur shiga kowane layi.

Yanzu duk Asabar da hantsi za ka same su a filin ƙwallo na bayan makaranta, shi a kan babur da hular kwano, ita tana biye da shi a ƙasa tana ihun "A hankali, Papi! A hankali!" Mukan je da kujerunmu. Makon jiya Casimiro ya ɗaga masa hannu daga bakin fili, "Barka da ƙoƙari, kompai!"

Telo ya dubi hannunsa na hagu, ya daka masa tsawa, "Kai, zauna nan!" Sannan ya gaida kompai da haɓa.